Taswirar Ƙwan Fara

Ƙarfe tara da minti arba'in na safe, ranar Talata, taswirar ta fito a fuskar ordinater, wato kwamfuta. Na san lokacin daidai saboda ni ce mai rubuta shi. An ba ni kaye, littafin rubutu mai baƙin bango, aka ce duk sa'ar da aka kunna injin in rubuta, duk sa'ar da aka kashe in rubuta, ni kuma na ƙara da nawa, ina rubuta lokacin da kowane aiki ya ƙare. Taswirar ƙasar Gure ce, daga Alakoss har Bune. Yawancinta kore, wasu wurare ruwan ɗorawa, sai yanki guda ja wur a kudu da Gidigir. Na jawo kujera na matsa, na bi sunayen ƙauyukan da ke cikin jan da yatsa. Na uku shi ne ƙauyen su innata.

A shekarar nan ba a yi karatun kirki ba. Yau malamai na yajin aiki, gobe 'yan lakwal, mu ɗalibai ke nan, har aka rufe lise, makarantarmu ta sakandare, tun zafi bai kankama ba, na tattara littattafaina na baro Damagaram na dawo gida Gure. Shekaruna goma sha takwas, ba ni da ƙawaye da yawa, ba na son fita. Maƙwabciyarmu sakatariya ce a wani furoje, shirin tallafa wa noma, cikinta ya tsufa, ana neman mai riƙe mata aiki. Ta ce wa babana ta sha ganin rubutuna, ba ta taɓa ganin inda na goge ba. Haka na samu kaina a wani ɗaki mai sanyi, gaban injin da sai an cire takalmi ake zuwa wurinsa. In an tashi aiki, a lulluɓe shi da zane. A lokacin ban san da wani ordinater a garin ba sai shi.

Aikin furojen a kan fara yake. Ba farar nan mai zuwa ta sama kamar hadari ba, ƙaramar ta gida, wadda ke binne ƙwanta a yashi in damana ta zo ƙarshe. Ƙwan yana nan kwance duk rani. Ruwan farko shi ke tayar da hatsi, shi kuma ke ƙyanƙyashe ƙwan, sai ɗango ya fito, 'ya'yan fara marasa fiffike, daidai lokacin da tsiro bai wuce tsawon yatsa ba. Da rani malaman gona na furojen sun bi ƙauyuka, suna tara maza su tona gefen gonaki, su tankaɗe yashin, su ƙirga abin da suka samu. Kowane ƙauye da takardarsa. Takardun nan na yi mako biyar ina shigarwa, layi bayan layi. In na gama ɗaya sai in sake karanta ta daga ƙasa zuwa sama, don idona ya fi kama kuskure a haka. Baturen da ya kafa injin ya bar masa lissafin da zai haɗa ƙirgan bana da na shekarun baya da irin ƙasar kowane wuri. Ja na nufin duk wanda ya zuba irinsa gaba ɗaya a ruwan farko, ɗango ya shuka wa.

A ƙasan taswirar akwai shawara, layi huɗu da Faransanci. A raba iri biyu a ajiye rabi. A tone gefen gona a shanya ƙwan a rana. A kai garin maganin fara kusa. A sa ido a kwanakin farko bayan ruwa. Babu abu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin mai hauya.

Kawuna, wan innata, shi ke noma gonar gidansu a ƙauyen nan. Damanar bara ba ta yi kyau ba, rumbu ya ƙare da wuri. Abin da ya rage masa iri ne kawai, a cikin wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Irin gidan ne, hatsi mai gajeren zangarniya mai saurin nuna, wanda kakana yake tsayawa ya zaɓa da hannunsa kowace kaka tun ba a haifi innata ba. Duk ranin nan innata tana ɗiba daga abincinmu tana aika masa, don kada yunwa ta sa a fasa bakin tulun.

Na fi rabin awa a zaune kafin in iya tashi in ƙwanƙwasa ƙofar shef, shugaban furojen. Mutumin yamma ne, daga Yamai aka turo shi, mai tsabta, mai fara'a, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya zo ya tsaya a bayana, ya duƙa, ya daɗe yana kallo.

"Ya yi kyau," ya ce. "Kin ga yadda launin ya fito? Madmazel, kin yi aiki."

Na ce, "Shef, jan nan, yaushe za a je a gaya musu?"

"A gaya wa wa?"

"Mutanen ƙauyukan."

Ya miƙe yana murmushi. "Tukuna. Ki sa a disket a kai Yamai, su duba su amince. In muka fita muna tayar wa mutane da hankali, fara kuma ba ta zo ba, wa zai amsa tambaya? Ke?"

Na sa a disket, faifan injin, har biyu saboda tsaro, na rubuta a bayansu, na saka a ambulan. Ambulan ɗin ya kwana shida a kan teburinsa yana jiran motar da za ta yamma. Duk safiya in na kai masa takardu sai in gan shi kusa da kofin shayinsa, wata rana ma kofin a kansa.

Cikin malaman gona akwai wani dattijo, mutumin Bune, kowa Baba yake ce masa. Ba ya shiga ɗakin injin, wai sanyin na kama masa gwiwa. Ranar nan na kira shi ya shigo, na nuna masa. Ba ya gane taswira a gilashi, sai da na karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, kai ka je ƙauyen nan?"

"Ni na je. Kawunki ma shi ya riƙe mini rariya." Ya nemi kujera ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Abin da ya dame ni, na yi musu magana. Na ce in abin ya yi muni za mu dawo da mota kafin ruwa mu gaya muku. In ba ku gan mu ba, ku yi shukarku."

"Wa ya ce ka gaya musu haka?"

"Ba kowa. 'Yar nan, mutum ya yini yana tona maka yashi a cikin rana, ka tashi tafiya ya ce sai yaushe, me za ka ce masa?"

A nan na gane girman abin. Kowace ranar da farar motar furoje ta kwana a gareji, mutanen ƙauyukan nan suna ɗaukarta saƙo ne cewa lafiya lau. Baba ya je ya nemi mota. Aka ce masa asansi, wato man mota, wanda aka ware na tono ne, tono kuwa ya ƙare, kuma ba a fita sai da takardar izinin tafiya, takardar kuma sai da dalilin da ke rubuce a tsarin aiki.

Na so in buga taswirar a takarda. Ribon tawadar injin bugun yana kulle a durowar shef, ko da na samu ma baƙi kawai yake bugawa. Sai na zauna da tsakar rana, lokacin da kowa ya tafi cin abinci, na zana ta da hannu a cikin kayena da alƙalamin bik ja da shuɗi. Kwana uku na yi. Na mayar da layi huɗun nan Hausa na rubuta a ƙasa. Ranar Asabar innata ta ɗaure mini gari da busasshiyar kuɓewa in kai, na shiga mota zuwa Gidigir, daga can na bi amalanken masu komawa gida.

Bayan la'asar na sami kawu a ƙofar gida yana gyaran ƙotar sungumi, shi da maƙwabcinsa, wani mai yawan ba'a wanda tun ina ƙarama yake kirana malama don in ji kunya. Ban saba magana gaban maza ba. Na durƙusa na gaishe su, na buɗe kayen na ajiye a kan tabarma, na yi bayani da muryar da ni kaina da kyar nake ji.

Kawu ya juya kayen ya duba. "Wannan zanen hannunki ne."

"Nawa ne, Kawu, amma daga injin na kwafa. Ban ƙara komai ba."

Maƙwabcin ya leƙo. "Malama, injin da ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa, don Allah ki tambayar mini shi ina jakina ya shiga. Wata biyu ke nan ina nema." Ya yi dariyarsa ya ishe shi. "Ƙwan fara kuma wace shekara ce babu shi? Mu muka tono muka ba su, yanzu su ne za su aiko mana da labarinsa?"

Na ce masa, "Ku naku kuka gani. Injin ya ga na kowa. Naku ya fi na ko'ina yawa, ya fi na shekarun baya."

"To ai mun yi fice ke nan. A wani abu dai mun zo na ɗaya."

Kawu bai yi dariya ba. Ya sa na karanta masa layi huɗun sau biyu. Sannan ya rufe kayen ya miƙo mini.

"Ɗiyata, ban ce ƙarya kike ba. Amma dattijon nan a gaban jama'a ya ce in da matsala za su dawo, ba su dawo ba. Kin san ruwan ƙasar nan. In na bar rabin gona ruwan farko ya wuce, ban san ranar da na biyu zai zo ba, ban san ko zai zo ba. Gari duka su fita shuka, ni in zauna saboda takardar da ba hatimi a kanta? In aka tambaye ni wa ya ce, in ce wa?"

Na karɓi kayen na ɗora a cinya.

"Ga abin da zan yi miki," ya ce. "In motar nan ta zo, ko da kwana ɗaya ne kafin ruwa, rabi zan shuka. Har in bi gida gida in faɗa."

A hanyar dawowa haushinsa nake ji. Kafin mu iso kwalta haushin ya bar kansa, don na auna maganarsa ta kowane gefe ban ga inda ya yi kuskure ba. An ba shi alama, yana bin alamar. Mu da muka ba shi mu ne muka zauna a ɗaki mai sanyi.

Sau uku na koma wa shef. Na farko ya ce Yamai ba su amsa ba. Na biyu ya ce, "Madmazel, ke sakatariya ce ko ministar noma?" Ya faɗa cikin wasa, na kuwa yi murmushi, murmushin da har yau ban yafe wa kaina ba. Na uku na san bakina ba zai iya ba, sai na rubuta wasiƙa shafi guda. Na ce tafiyar yini ɗaya ce, na jera ƙauyukan yadda mota za ta bi su ba tare da ta maimaita hanya ba, na ce Baba ya yarda ya tafi ba a ba shi komai ba. Ya karanta har ƙarshe, ya ce na iya tsara wasiƙa, ya huda ta ya saka a fayil.

A cikin kwanakin nan motar ta fita sau ɗaya. Abin sanyaya ɗakin injin ya lalace, aka ce zafi zai kashe ordinater, a ranar aka sa hannu a takardar izini, shofer, direban furojen, ya kama hanyar Damagaram ya kawo ƙarfen da ake bukata. Hanyar Damagaram ta Gidigir take bi. Ya wuce da safe, ya sake wucewa da yamma.

Ruwan farko ya sauko ranar wata Alhamis bayan azahar. Yara suka fito titi suna tsalle, mata suna jera bokitai a bakin indararo, ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Ni ina tsaye a barandar biro, ofishin furojen. Na san a daidai lokacin ana fasa lakar bakin tulu. Na san gobe da sassafe kawu zai shiga gaba da sungumi yana sara, matarsa da yara a bayansa suna zuba iri suna rufewa da diddige, har ƙwarya ta ƙare.

Bayan kamar kwana goma sha biyu Baba ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi da kansa, bai gaya wa kowa ba. Ya dawo washegari. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya.

"Shuka ta tsira da kyau," ya ce. "Layi layi, gwanin sha'awa, haka suka ce mini. Ni ban tarar da komai ba. Kamar an bi da tsintsiya. In ka taka ƙasa sai ta tashi, ɗango ne ko'ina."

"Kawu fa?"

"Ya gaishe ni. Ya ba ni ruwa. Bai ce mini komai ba, da ma ya zage ni."

Kawu ya sake shuka da irin da ya samu a kasuwar Gidigir, irin kudu ne mai son dogon ruwa. Ya yi kara, ya yi tsawo, ruwa ya ɗauke kafin ya cika ido. Irin kakana kuwa ya tafi. An nema wurin dangin da aka taɓa ba, duk a cikin jan suke, duk ranar ɗaya suka shuka. Da kaka ta yi, kawu ya kawo matarsa da yara gidanmu, shi ya wuce Najeriya neman abin yi. A zaurenmu ya yi mini sallama kamar kullum, ya ce in yi ta karatu. Bai ambaci kayen ba, ni ma ban iya ɗaga kai ba.

Innata ce ta faɗi abin da ya fi zauna mini. Tana tsince wake, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Da ma ba ki nuna mini zanen nan ba. Da na ce daga Allah ne kawai, na huta."

Amsar Yamai ta iso lokacin da hatsin mutane ya kai gwiwa. Sun duba, sun amince, suna taya mu murna. Ni na buɗe ambulan ɗin, ni na huda takardar na saka a fayil, a saman wasiƙata.

Shekaru sun wuce, na yi aiki da injuna iri iri, na zauna a tarukan da ake cewa in aka ba manomi labari a kan lokaci an gama masa komai. Ba na musu. Na ga ranar da labarin yake nan, daidai, a kan lokaci, har da shawarar abin yi, tsakaninsa da masu shi tafiyar hantsi. Abin da nake tambaya a irin wuraren nan shi ne wa zai tashi ya kai, da wace mota, wa zai sa masa hannu. Yawanci sai a dube ni kamar na ɓata wa mutane taro.

A waccan shekarar dai, bayan girbi, baƙi suka zo duba aikin furojen, mota biyu. Maƙwabciyarmu ta kusa dawowa, makona na ƙarshe ke nan. Sun zo da taswirar an buga ta da launi a babbar takarda, aka manna a bangon ɗakin injin. Shugabar tawagar mace ce, 'yar ƙasa, ta yi karatun noma mai zurfi a waje. Tun da ta shigo nake kallonta, yadda take magana maza na rubutawa. Irin matar da nake so in zama ce.

Shef ya tsaya gaban taswirar da sanda. Ya ce bayan damana an sake zagayawa an duba inda fara ta yi ɓarna. Ya ɗora wata takarda mai shara-shara a kan taswirar, inda aka zana wuraren da shuka ta lalace, zanen ya hau kan jan nan daidai, kamar an auna. Baturen da ya kafa injin, wanda ya zo tare da baƙin, ya buga tebur don murna. Aka yi tafi. Shef ya nuna ni ya ce ga wadda ta shigar da ƙirgan, ba a sami kuskure ko ɗaya ba, aka juyo aka tafa mini. Baba yana can ƙarshen ɗaki, hularsa a hannu, yana kallon ƙasa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Da suka fito za su shiga mota na bi matar, takalmina ma ban tsaya sawa ba. Na sha gabanta a bakin ƙofar motar. Na fara da Faransanci, kalmomin suka watse, na koma Hausa.

"Madam, tun kafin ruwa da mako bakwai muka sani. Ni na gani da idona. Ƙauyen innata yana cikin jan nan, kawuna ya rasa irinsa duka. Motar nan tana gareji. Me ya sa ba a je an gaya musu ba?"

Ba ta ji haushi ba. Ta cire tabarau ta dube ni sosai, ta tambaye ni ajin da nake, ta ce Allah ya mayar wa kawuna da alheri. Shofer ya riga ya tayar da mota. Ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sannan ta juyo ta amsa mini da Hausarta mai kyau, a hankali, yadda ake yi wa mai hankali bayani.

"Ƙanwata, a wannan kashi aikinmu shi ne mu nuna injin zai iya faɗin inda fara za ta fito, kuma ya faɗa. Gaya wa manoma yana cikin kashi na biyu. Kashi na biyu ba a sa masa hannu ba tukuna."